Wa Ya Ɗebi Hatsin? A Bar Yaranmu Su Karanta Labarin Bincike

Yau faɗa na zo yi. Kuma da mutanen da nake jin nauyinsu zan yi shi, har da wasu abokan aikina masu koyar da karatun manya.

Ga abin da ya kawo faɗan. Kwanan baya na ce wa ɗalibaina a nan Gafati, in hannunsu ya faɗa da karatu, ina so su fara karanta littattafan labari, su kuma saya wa ƴaƴansu. Na ce akwai wani irin labari da nake so ƙwarai. Shi ne labarin saurayi ko budurwa a ƙaramin gari, inda wani abu ya ɓace ko wata ɓarna ta auku, sai yaron ya bi sawun abin da hankalinsa har ya gano gaskiya. Wani dattijo, wanda ya girmi mahaifina, ya ajiye allinsa ya ce: "Malam, mun bar barcinmu mun zo nan don mu iya karanta takardar likita da wasiƙar ƴaƴanmu. Ƙarya kuwa muna da ita a gida, ba sai mun saya da kuɗi ba." Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Amma da na koma gida barci ya ƙi zuwa, don maganarsa ta tuna mini da wani abu da na daɗe ina ɓoyewa.

Shekarun baya ina koyarwa a wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen suna nan da ransu. Bayan girbi, wata ranar Talata, wani magidanci ya buɗe rumbunsa ya tarar babu dami bakwai na hatsi. Shekarar kuwa ruwa ya ɗauke da wuri, dami bakwai ba abin wasa ba ne. Ya tafi wurin mai duba. Mai duba ya buga ƙasa, ya ce ɓarawon baƙo ne, dogo, siriri, ba a cikin gari yake kwana ba. To, wa ke nan? Akwai Fulani da suka sauka a gonakin bayan gari, kamar yadda suke yi kowace kaka, shanunsu su ci kara su bar wa gona taki. Suna da saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. A bakin rijiya aka kama shi. Aka yi masa duka, aka ɗaure shi, aka kai shi ƙofar maigari. Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi. Ubansa ya ba da tunkiya da ɗanta don a sako masa yaro. Bayan kwana uku suka tashi, ba su sake sauka a gonakin garin ba.

A ajin mata akwai wata yarinya ƴar shekara goma sha biyar. Rakiyar uwarta take yi, tana goye da ƙanenta, amma ta riga manyan gane baƙaƙe. Bayan wata huɗu na ce kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da ya gani da idonsa. Ita shafi guda ta kawo mini. Ta rubuta cewa daren Lahadi kafin asuba tana farke, don jaririn ba shi da lafiya, ta ji ƙarar amalanke a bayan gidan baffanta. Karen gidan, wanda ko akuyar maƙwabta ta gitta sai ya yi haushi, bai ce uffan ba. Da gari ya waye ta ga murfin rumbu a rufe daidai, an ɗaure shi da irin ɗaurin da ƴan gidan suke yi. Tsani yana jingine a inda ake ajiye shi kullum. Ranar kuwa kasuwar Mirya ke ci, ɗan baffan nata ya fita da amalanke ya ce haya ya samu. Bayan kwana goma, wannan saurayi da ba ya da ko dala ya samu kuɗin motar Agadas, ya tafi neman zinariya. A ƙasan shafin ta rubuta: baƙo ba ya mai da tsani inda ya ɗauko shi.

Ta gaya wa uwarta tun ranar da ake dukan yaron Fulanin. Uwar ta toshe mata baki ta ce: "Ke, wa ya tambaye ki? So kike ki raba zumunci?"

Ni fa, malaminta, wanda ya yi makarantar horon malamai, me na yi? Na gyara mata kurakuran rubutu da jan biro. Na ce ta yi ƙoƙari. Na ninke takardar na sa a aljihu, na yi shiru. Ni ma baƙo ne a garin, tuwonsu nake ci. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ka duba da kyau, ya mai karatu. Gari guda, da dattawansa da samarinsa, an bi maganar mutumin da ya zana yatsa a cikin yashi. Yarinya ɗaya ce ta duba tsani, ta duba ɗauri, ta tuna da kare, ta lissafa ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan abin da ta yi aiki ne mai daraja. Ita a zatonta laifi ta yi. Abin da nake faɗa a kansa ke nan. Da ta taɓa karanta littafi ɗaya, a cikin Hausa, wanda yarinya irinta ta lura da abin da manya ba su lura da shi ba, ta kuma sami hanyar faɗa, da ta san ba ita kaɗai ba ce. Ni ma da wataƙila ban ninke takardar ba.

Irin wannan labari ƙafa biyu gare shi. Ta ɗaya ita ce bincike: wa ya yi, yaushe, ta yaya, wa ya gani. Ta biyu ita ce girma. Yaron da ya fara binciken da wanda ya gama shi ba ɗaya ba ne. A babban birni ɓarawo baƙo ne, in an kama shi shi ke nan. A ƙaramin gari kuwa, in ka bi sawu, sau da yawa ƙofar wanda ka sani zai kai ka. Ɗan baffanka ne, ko abokin ubanka, ko wanda ya raɗa maka suna. Ranar da yaro ya gane cewa babban da yake gaisarwa a durƙushe yana iya yin ɓarna, kuma ya zama dole ya zaɓi abin da zai yi da wannan sani, ranar ya bar ƙuruciya, ko da gemu bai fito masa ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Amurka, a 1876, wani marubuci mai suna Mak Tuwen ya fitar da labarin wani yaro, Tom Soya, ɗan wani ƙaramin gari a bakin kogin Misisipi. Yaron ya fita yawon dare da abokinsa, suka ga an kashe wani likita a maƙabarta. Mai kisan ya sa wuƙar a hannun wani mashayi da ba ya cikin hayyacinsa, gari duka ya yarda mashayin ne. Yaran biyu suka yi wa juna alkawarin yin shiru don tsoro. Amma zuciyar Tom ta hana shi sukuni, har ya tashi a gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani. Shekara kusan 150 ke nan yara suna karanta wannan littafi. A Ingila kuma Konan Doyil ya ƙago wani mai bincike, Shalok Homs, tun 1887. A wani labarinsa na 1892 an fitar da dokin sukuwa daga barga da dare, shi kuwa ya gane na gida ne ya fitar da shi, don kare bai yi haushi ba. Ɗalibata ba ta taɓa jin sunan mutumin nan ba, amma hanyar da hankalinta ya bi ke nan.

Kada ka ce wannan sai Turawa. A tsibirin Zanzibar, a gabashin Afirka, Muhammad Sa'id Abdullah ya rubuta Mzimu wa Watu wa Kale da harshen Suwahili, aka buga shi a 1960. A ciki an tsinci gawa a wani wuri da mutane ke tsoro, wai mazaunin ruhohin kakanni ne. Wani mutum mai suna Bwana Msa ya warware al'amarin da lura da tunani kawai. Musulmi ne ya rubuta, da harshen mutanensa, a kan wurin da suka sani. Abin da Suwahili ta ɗauka, Hausa ba za ta kasa ɗauka ba.

Yanzu bari in koma kan dattijona da maganarsa ta ƙarya. Baba, ƙarya ita ce maganar da aka faɗa maka don a ruɗe ka. Mai littafin labari bai ruɗe ka ba. Tun a bango ya gaya maka ƙagawa ya yi, kamar yadda kakarka take cewa ga ta nan ga ta nanku kafin ta fara. Wa ya taɓa kai ƙarar tsohuwa don ta ce Gizo ya yi magana? Maƙaryacin da ke cikin labarin da na ba ka shi ne mai duban nan, kuma shi an biya shi, har da goro. Ɗan kokowa da ke son takobi, ai ba ranar gasa yake fara kama mutum ba. A dandali yake koyo, cikin yashi, inda faɗuwa ba ta karya ƙashi. Labari dandali ne na hankali. Yaro ya yi zargi a cikin littafi, ya ga ya yi kuskure, ba a daki kowa ba, ba a karɓi tunkiyar kowa ba.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Iyaye suna cewa irin wannan karatu zai koya wa yara rashin kunya. Yau yaro ya tuhumi baffansa, gobe ya tuhumi ubansa. Suna kawo karin maganar nan, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne a kan aure, gaskiya ne a kan damina da zaman duniya. Amma a daren Lahadin nan babba barci yake yi, yarinya ce a farke. Shekaru ba sa sa mutum ya ga abin da ya faru yana barci.

Kuma neman shaida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san tarihin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda gaskiya ne ba ƙage ba. Da aka yi masa ƙazafi, wani daga dangin matar ya ce a duba rigarsa, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka duba, gaskiya ta fito. A gaban alƙalin Musulunci, wanda ya kawo ƙara shi ake tambaya hujja. Malamanmu kullum suna gaya mana zato zunubi ne. Kakanninmu kuma suna da masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su gaya maka raƙumi nawa suka wuce, wanne ke ɗauke da kaya, wanne ke ɗingishi. Har wasan ka-cici-ka-cici da yara ke yi da dare, mene ne in ba koyon gano abu daga alamarsa ba? Wannan duka gadonmu ne. Mu muka yar da shi muka kama bugun ƙasa, don bugun ƙasa ya fi sauƙi, kuma kullum baƙo yake nunawa, ko almajiri, ko tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata.

Na yarda da abu ɗaya. Tsakanin bincike da tsegumi akwai siririyar iyaka. Littafi marar kyau yana iya mai da yaro mai laɓe a bayan danga, mai kai gulma gida gida. Shi ya sa nake cewa littafi mai kyau dole ya sa jaruminsa ya zargi wani bisa kuskure ko sau ɗaya, ya ga hawayen da ya jawo, ya je ya ba da haƙuri. Dole kuma ya nuna yadda ƙarami ke faɗin gaskiya a garin da ke da manya. Ba tsayawa za a yi a tsakiyar kasuwa ana nuna mutum da yatsa ba. Akwai kaka, wadda jika ke iya gaya wa abin da ba ya iya gaya wa uwa. Akwai liman. Akwai gwaggo. Akwai malamin makaranta, in ya fi ni ƙarfin zuciya. Gano ɓarawo shi ne rabin aiki mai sauƙi. Yadda za a wanke wanda aka zalunta ba tare da an rushe gida ba, nan ne yaro ke bukatar wanda zai nuna masa hanya, kuma nan ne marubuci zai nuna ko ya san mutane.

Sai ku, abokan aikina. Me muke ba mutum in ya gama watanninsa a aji? Ɗan littafin taki. Ɗan littafin allurar rigakafi. Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na zawo. Duka suna da amfani, ni ma ina koyar da su, sun ceci rayuka. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, wa ya taɓa ƙarar da batirin cocilansa yana maimaita littafin taki? Sau ɗaya ake karantawa, a soke shi a jikin danga, gara ta ci. Na sha haɗuwa da ɗalibina da ya ci jarrabawa da kyau, bayan damina biyu in miƙa masa takarda ya riƙa juya ta yana murmushin kunya. Karatu kamar hanyar gona yake, in ba a bi ciyawa ta rufe shi. Mutum kuwa ba ya bin hanya sai da abin da ke jansa. Ba abin da ke jan mai karatu daga shafi zuwa shafi kamar son ya san wa ya yi. Wanda ke son sanin wa ya ɗebi hatsi zai yi kokowa da kalma mai wuya har ya kayar da ita, ba malami a kansa.

Marubutan Hausa ma ina da magana da su, cikin ladabi, don sun yi mana aikin da ba za mu iya biya ba. A 1933 aka yi gasar rubutun labari a Zariya, ƙarƙashin Dokta East. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shaihu Umar labarin girman yaro ne da aka sace tun yana ƙarami, uwarsa ta bi shi har ƙetaren hamada. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da aljannu da dabaru. A Jiki Magayi kuwa, yaron ya zama ɓarawo ne don asirin da aka yi masa. Ina son littafin nan, amma ka ga inda ya ajiye dalilin sata: a hannun mai magani. Can a ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya tafi birni ya faɗa cikin miyagu. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ga littattafan Kano sun cika kasuwa, irin su Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Masu zagin waɗannan littattafai su yi a hankali, don mata da yawa ta dalilinsu karatu ya zauna musu. Yau kuma labaran sun koma cikin waya, ana turawa ta WhatsApp, ana karantawa a rediyo.

Amma ka karɓi wayar ƴarka ka duba abin da take saurare. Gidan bene ne, da mota, da ɗan mai kuɗin da ya dawo daga Dubai. In labarin ƴan sanda ne, bindiga ce da manyan otal. Yarinyar da ke daka a Gafati tana jin wannan dare da rana, me za ta ɗauka? Za ta ɗauka rayuwa tana can wani wuri, garinsu wurin jira ne kawai kafin a tafi. Saurayi ma haka. Sannan mu zauna muna mamakin yadda samari ke sayar da hatsin gida su hau motar arewa.

Mu na wannan ɓangare kuma laifinmu ya fi yawa. Damagaram ba ta rasa masu alƙalami ba. Abdulaye Mamani ya rubuta Sarauniya, aka buga a 1980, har aka yi fim da shi a 1986. Andire Salifu, haifaffen Zinder, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Damagaram da wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu. Amma da Faransanci suka rubuta, ɗalibaina ba sa iya buɗewa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyar da yara cikin Hausa, a nan Zinder. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To, ina littattafan? Shekara hamsin muna koya wa mutane buɗe ƙofa, ɗakin kuwa ba mu sa kome a ciki ba. Ka shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ka nemi labarin Hausa wanda ya faru a ƙauyen ƙasar Mirya, ka zo ka gaya mini abin da ka samo.

Kada wani ya ce ƙauye ba shi da labari. A'isha Maki, ƴar Zinder, ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda mutanen birni da yawa ke kauce wa, ta yi fim a kan samarin wurin. Ya fito a 2021, aka kalle shi a ƙasashen duniya. Abin da ke ƙofar gidanta ta duba. Mu ma mu duba namu. Kuɗin asusun mata da aka kulle a akwati mai makulli uku, kowane makulli a hannun mace daban, aka buɗe aka tarar sun ragu. Gambar iyakar gona da ke matsawa taki ɗaya kowace shekara, har maraya ya girma ya tarar gonar ubansa ta zama rabi. Buhunan taimako da aka ƙirga a kan mota, aka sake ƙirgawa a mangaza lissafi ya ƙi fita. Yara uku da suka kwanta ciwo a unguwa ɗaya, aka ce wata tsohuwa ce ta kama kurwarsu, sai wani ɗan makaranta ya lura duka ukun daga rijiya ɗaya gidajensu ke ɗiban ruwa. Mai son na da kuma, ga 1906, shekarar da Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa da shirya musu makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. A ce wani yaron barga a fada ya ji wa ya kai maganar, kuma don me. Wannan kaɗai ya isa littafi.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Littafi ɗan shafi hamsin ko sittin, da manyan baƙaƙe, da Hausar da ake yi a bakin rijiya, kuɗinsa kada ya wuce na tiyar hatsi. Kada aljani ya zo ya faɗi amsa. Kada a yi mafarki a ga ɓarawo. Duk alamar da jarumin ya gani, a nuna wa mai karatu ita, don shi ma ya gwada hankalinsa, in ya riga jarumin ganewa ya yi dariya ya ce ai na sani. Kuma a bar yarinya ta zama jaruma wani lokaci. Mata su ke gida in maza sun tafi cin rani, su ke tashi kafin asuba, su suka san kwanon wa ya koma gidan wa.

Kai ma da ka koyi rubutu bana, kada ka ce wannan aikin masu digiri ne. Ka fi su sanin yadda ake ɗaure murfin rumbu. Ka rubuta abin da ka taɓa gani, ka sake sunayen mutane da na gari don kada a ci mutuncin kowa, ka kai wa malaminku ya duba.

Takardar yarinyar nan tana wurina har yanzu, da jan birona a kanta. Ita ta yi aure a wani gari. Da damanar bana na zauna na fara mai da shafinta labari, na sake sunaye, na sake garin, na mai da dami bakwai buhu uku. Ranar Alhamis da ta wuce na karanta wa aji kashi na farko, na tsaya daidai inda aka kama yaron Fulani a bakin rijiya. Na rufe kaye na ce sai wani mako. Aji ya ɗauki surutu, wasu na cewa shi ne, wasu na cewa a bari a ji. Dattijona bai ce kome ba sai da kowa ya fita. Yana saka takalmansa ya ce: "Malam, ba yaron nan ba ne. Wanda ya mai da tsani wurinsa ɗan gida ne." Na ce to, Baba, mu jira mu gani. Ya ce shi ba zai iya jiran mako guda a kan ƙarya ba, in ba shi takardun ya tafi da su, jikarsa za ta taya shi inda ya kakare. Na ba shi.